Ba Kowane Jini Ba Ne Basir



A watan Disamba na 2024 wata mata a Ingila mai suna Kanya King ta fito ta shaida wa duniya cewa tana fama da ciwon dajin hanji, kuma ya kai mataki na 4, wato ya riga ya yaɗu. Mai yiwuwa da yawanmu a Yerwa ba mu san sunan ba, amma masu bin harkar waƙa sun san aikinta. Ita ce ta kafa bikin karrama mawaƙa na MOBO a 1996, lokacin da ba a ba waƙoƙin baƙar fata muhimmanci a can. Mahaifinta ɗan Gana ne, kuma gidanta ta jinginar ta ci bashi don a yi bikin farko. A wannan dandalin ne Wizkid da Davido suka karɓi kyaututtuka a 2017.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mace mai irin wannan daraja ta buɗe baki ta ambaci hanji a bainar jama'a, tana roƙon mutane su je a duba su da wuri. Mu kuwa a nan, magidanci zai shekara yana ganin jini a bayan gidansa, ko matarsa bai gaya wa ba. In ma ya faɗa, amsa ɗaya ce: basir ne. Sai ya nufi wajen masu lasifika a bakin kasuwa ya sayo ƙullin gari ko jarkar tsimi. Mai maganin bai duba shi ba, bai tambaye shi komai ba, amma ya riga ya san cutar. Ikon Allah!

Ba na musun cewa akwai basir. Akwai shi, kuma galibin masu ganin jini shi ne ke damunsu. Matsalar ita ce dajin hanji ma da jini yake fara sallama, kuma ido ba ya iya raba su. Mun mayar da kalmar basir wani babban buhu da muke zuba komai a ciki: ciwon baya, kasala, kumburin ciki, rama, har raunin mazakuta. A cikin buhun nan daji yake ɓuya yana girma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan shi ne daji na uku wajen yawa a duniya, kuma na biyu wajen kisa. A 2020 kaɗai ya kama mutum sama da miliyan 1.9, ya kashe fiye da 930,000. Ba cutar Turawa ba ce, ba kuma ta tsofaffi kaɗai ba. Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, yana da shekara 43 ya mutu da ita a 2020. Likitocinmu a Najeriya sun daɗe suna kokawa cewa masu cutar a nan sukan zo da ƙarancin shekaru, kuma a makare.

Alhali cuta ce mai ba da lokaci. Yawanci takan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe ya zama daji. In aka gan shi da na'urar leƙa hanji, a nan take ake iya cire shi. Shi ya sa a Amurka ake fara gwajin tun daga shekara 45, ko mutum lafiyarsa ƙalau. Mu ba mu da wannan tsarin, don haka alamun jiki ne kawai ƙararrawarmu: jini ko majina a bayan gida, gudawa ko taurin ciki da ya wuce mako 3, jin kamar ba ka gama ba bayan ka fito, rama babu dalili, ƙarancin jini da yawan gajiya. Wanda iyayensa ko ɗan'uwansa na jini ya taɓa yin cutar, shi kam ya gaya wa likita ko bai ga komai ba.

Na san za a ce ina kuɗin? Gaskiya ne, leƙa hanji da tsada, ga halin da muka shiga tun ambaliyar Alau ta Satumban 2024, wadda ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ba ta bari ba. Amma matakin farko yankar kati ne, likita ya saurare ka, ya sa safar hannu ya duba dubura. Ƙari da yawa yatsa na iya taɓo shi. A ganina wannan duban ne muke gudu, ya fi kuɗin yi mana nauyi. A lissafa abin da ake kashewa a tsimi cikin shekara guda a gani.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyarmu: a taro mai zuwa a gayyato likitan tiyata ya yi mana bayani da Hausa, a kuma nemo likita mace ta zauna da iyaye mata su kaɗai. A ajiye akwati a ƙofa, mai jin nauyin tambaya ya rubuta a takarda ya jefa, ba sai ya sa suna ba.