Zare: Ɗanka ya haddace 1 zuwa 100, amma zai iya ƙirga dabino bakwai?

1/ Jama'a, yau da masu makarantun nazare nake, da mu iyaye. Wanda abin ya sosa masa rai ya yi haƙuri, amma sai na faɗa.

2/ 'Yar ƙanwata shekararta huɗu. Tana jero 1 zuwa 100 da Turanci kamar rediyo, gida kowa na tafi. Jiya na zube dabino bakwai a faranti na ce ta ƙirga. Bakinta na gudu, yatsanta na binsa a baya, ta tsaya a sha biyu.

3/ Na ce to ba ni uku. Ta dumbuzo cike da hannu ta miƙo. Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. Waƙar lamba aka koya mata, ba a taɓa sa ta ɗora yatsa kan abu ɗaya ta ce "ɗaya" ba.

4/ Kuɗin da aka biya zangon nan har da littattafai shida. A jakarta babu abu guda da za ta riƙe ta juya, ta jera, ta raba. Sai aikin gida shafi biyu, wanda uwarta ke kama hannunta ta rubuta mata.

5/ Makarantar kuwa ta rubuta "Montessori" ɓaro-ɓaro a bakin get. Maria Montessori likita ce da ta buɗe ajinta na farko a 1907 a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum. Haruffa ta yanka da takarda mai kaushi, yaro ya bi da yatsa yana furta sautin kafin ya riƙe fensir.

6/ Kafin ita, Friedrich Froebel a Jamus, wanda ya raɗa sunan kindagatin a 1840, guntayen katako da ƙwallayen zare ya riƙa ba yara. Mu mun ɗauko sunan, mun bar aikin a can.

7/ Manufar ilimi ta Nijeriya kanta ta ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a matakin kafin firamare. Ku leƙa aji ku gani: yara a jere kan benci, hannu a ƙirji, anti riƙe da bulala, ana "I for Igloo". A Kano. Cikin zafin Afrilu.

8/ Za a ce kayan na da tsada. Wane kaya? Marafan lemo, ƙwallon dabino, tsakuwa, karan dawa, wake, kwalin taliya da za a yanka haruffa, tiren yashi. Mai shagon bakin layi zai tara miki marafa cike da leda kyauta, malama.

9/ Da marfi goma yaro zai gane cewa bakwai ita ce huɗu da uku, ita ce kuma biyar da biyu. Ya ɗaure kara goma da kyauro ya ajiye guda uku a gefe, ya ga dalilin da ake rubuta 13 da 1 a gaba. Alli kaɗai ba ya nuna wannan.

10/ Karatu ma haka. Rubuta "b" a marfi ɗaya, "a" a wani. Yaro ya haɗa: ba. Ya canja ɗaya: ka. Ya jera su: baka. Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi ya sa gaɓa ke saurin kama shi.

11/ Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. 'Yar carafke ƙirga ce. Dara lissafi ce da tsinke da rami. A makarantar allo yaro na riƙe allonsa, malam ya bi babbaƙu da shi ɗaya bayan ɗaya yana nunawa da yatsa.

12/ Na san uzurin malamai: aji ya cika maƙil, albashi ba ya kai wata. Gaskiya ne. A raba su rukuni-rukuni kan tabarma, a kuma kiyaye ƙananan abubuwa daga 'yan ƙasa da shekara uku saboda haɗiya. Amma makarantar da ke ɗinka wa ɗan nazare rigar yaye ɗalibai ba ta da bakin cewa babu kuɗi.

13/ Mu iyaye ma da laifinmu. Yaro ya dawo da ƙasa a farce mu ce ba a karatu. Littafi ya cika da jan biro mu ce makaranta ta yi kyau. Abin da muke tafa wa shi suke sayar mana.

14/ Yau da daddare, zuba wake takwas a gaban ɗanka. Ka ce ya ba ka biyar, sannan ka tambaye shi nawa suka rage. Abin da ka gani, ka tafi da shi taron iyaye da malamai.

15/ Ku dawo nan ku ba ni labari. Allah Ya raya mana su.