Ɗakin Sanyi: Kafin A Biya Kuɗin Inji, A Dubi Bututu Da Magudana

Daga tsakiyar hunturu zuwa goshin bazara, sa'ad da tumatirin lambu ya ke nuna gaba ɗaya, babu manomin da ya isa ya yanka wa kwandonsa kuɗi. Mai saye ne ke da ta cewa, gama ya san kayan ba za su kwana uku ba. Haka abin ya ke a bakin madatsar Ayuba ta Kazaure, haka ya ke a lambunan kogin Gari, da fadamun Roni da Gwiwa da Babura. Saboda haka ne maganar ɗakin sanyi ta shiga bakin ƙungiyoyin manoma da 'yan gwari, watau ɗaki wanda inji ke sanyaya shi kamar babban firiji, a zuba kaya su jira kasuwa. Ni ina bayan wannan magana ƙwarai. Amma duk inda aka zauna cinikinsa, abin da a ke tambaya shi ne inji doki nawa ne, faifan sola guda nawa, batir nawa. Ba mai tambayar bututu, ba mai tambayar inda ruwa zai bi. Alhali kuwa waɗannan biyu, da ba su kai inji kuɗi ba, su ne ke fara kashe ɗakin.

Mutanen Jigawa ba baƙin dabarar sanyaya kayan gwari ba ne. Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a kwalejin fasaha ta Dutse, shi ne ya yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyukanmu: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar girma saboda wannan aiki. A gwajinsa gauta ya yi kwana 27 maimakon 3. Bayansa, a 2015, wani mutumin jihar Imo, Nnaemeka Ikegwuonu, ya kafa kamfanin ColdHubs, mai gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a cikin kasuwanni, ana biyan kuɗin ajiya bisa kowane kwandon roba kowace rana. To, ga bambancin da ya kamata a lura da shi. Tukunyar Bah Abba zuba mata ruwa a ke yi safe da yamma, in ta bushe ta daina aiki. Ɗakin inji kuwa shi ke haifar ruwa, in ba a fid da shi ba ya lalace.

Ina ruwan ke fitowa? Kowa ya ga yadda kwalbar lemo mai sanyi ke zufa in an ajiye ta a tebur. Ba daga cikinta zufar ke fitowa ba, laimar da ke cikin iska ce ke taruwa a jikin abu mai sanyi. A cikin ɗakin akwai wani akwati mai fanka da a ke ratayewa kusa da rufi, shi ke busa sanyi, kuma shi ne ya fi kome sanyi a ɗakin. Duk laimar da ke ciki a jikinsa ta ke taruwa, ta ɗiga a wani faranti da ke ƙarƙashinsa. Tumatir kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. Mu ɗauka an zuba kilo 3,000, ya rage kashi ɗaya tak cikin ɗari: lita 30 ke nan, ya fi jarka guda. Sa'an nan a ƙara da iskar waje da ke shiga duk sa'ad da aka buɗe ƙofa. Da hunturu wannan kaɗan ce, amma a watan Agusta, ranar kasuwa, ana shiga ana fita, ruwa ne sosai.

Wannan ruwa bututu guda ne ke fid da shi daga farantin zuwa waje, kuma nan ne a ke yin aikin ganin ido. Ruwa ba ya hawa tudu, wannan kowane mai ban ruwa ya sani, gama ba ya jan kwali sai ya duba gangare. Amma sai ka ga an miƙe bututu sak a jikin bango don ya yi kyaun gani, ko an bar tsakiyarsa ya lanƙwashe don ba a ɗaure shi ba. Ƙa'idar masu aikin ita ce ya gangara kamar rubu'in inci a kowace ƙafa guda, tun daga faranti har bakinsa, kada kuma ya kasa kaurin ramin da ke jikin farantin. In ya kwanta, ƙurar hunturu da ɓawon albasa da yauƙi su taru su toshe shi. Faranti ya cika ya tumbatsa, fanka ta riƙa fesa ruwa a kan kwandunan da ke sama, na sama su ɗiga wa na ƙasa. Tumatirin da ya kwana da ruwa a jikinsa, ko da sanyi, fumfuna za ta kama shi ta wajen hanci. Mai kaya ya zo ya tarar da ruɓa, ya ce sanyi ba ya karɓar tumatir. Maganar ta bazu a kasuwa, mutane su daina kawo ajiya, alhali laifin wani guntun bututun roba ne.

Akwai kuma wani lanƙwaso kamar ƙugiya da a ke yi wa bututun bayan ya fita daga ɗaki, wanda kullum ya ke riƙe ɗan ruwa. Masu gaggawa su kan bar shi, wai ƙarin kashe kuɗi ne. Ɗan ruwan nan shi ne murfi. In babu shi, fanka za ta riƙa zuƙo iska mai zafi da warin kwata ta cikin bututun, inji ya yi ta aiki ba hutu. Kyankyaso da ƙadangare ma ta nan su ke bi, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada kuma a cusa bakin bututun cikin lambatu. A bar shi sama da bakin magudana kamar faɗin yatsa biyu ko uku, a sa masa raga, yadda in lambatu ya cika da ruwan sama ba zai komo ciki ba, kuma mai gadi zai iya gani da idonsa ko yana ɗiga. Ranar da ya daina ɗiga inji na aiki, ya toshe ke nan.

Masu sha'awar ɗakin kifi da nama, nasu ya fi wuya. Wannan ɗaki awo 18 ƙasa da sifiri a ke riƙe shi, saboda haka ruwan da ke cikin bututu daskarewa ya ke yi. Dole a bi cikinsa da wayar ɗumi, a naɗe shi da soso, a fid da shi daga ɗakin ta hanya mafi kusa. Daɓen ma sai an shimfiɗa masa abin tare sanyi a ƙarƙashi, in ba haka ba laimar ƙasa ta zama ƙanƙara, ta kumbura, ta fasa siminti.

Daga nan sai inda ruwan zai sauka, tare da ruwan wankin daɓe da na kwanduna, wanda ya fi shi yawa da ƙazanta. Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Wajen Babura rairayi ne, ramin sokawe na shan ruwa nan da nan, amma saurin nan shi ne haɗarinsa, don abin da ya shiga rami yana iya kaiwa rijiya. A nesanta shi da kowace rijiya kamar ƙafa 100, kuma kada ya kasance a tudun da rijiyar ke gangarensa. Wajen Roni da Gwiwa da tsaunukan Kazaure kuwa akwai wuraren da ba a nisa da haƙa a ke cin dutse ko marmara. Ramin da aka yi a nan cika ya ke yi ya zama gidan sauro a ƙofar ɗakin abinci. Tun kafin a aza harsashi a haƙa ɗan rami, a cika shi da ruwa, a ga yadda ya ke shanyewa. In bai sha ba, a canja wuri ko a ja doguwar magudana mai tsakuwa. Kuma a ɗaga daɓen ɗakin sama da filin kasuwa, don wanda ya gina da rani bai ga inda ruwan Agusta ke kwanciya ba sai ya tambayi tsofaffin wurin.

Yanzu ga bututun jan ƙarfe, wanda gas ke bi tsakanin injin waje da akwatin ciki. A nan akwai magana guda da na ke so kowane ma'aji na ƙungiya ya riƙe. Gas ɗin firiji ba fetur ba ne, ba ƙonewa ya ke yi ba. Zagayawa ya ke yi a rufe, ya kwaso zafi daga ciki ya zubar a waje, ya komo. Injin da aka haɗa da kyau zai yi shekaru ba a ƙara masa ba. In makaniki ya ce gas ya ƙare, ma'anarsa akwai inda ya ke yoyo. Wanda ya ɗura sabo bai nemo ramin ba, zai komo bayan 'yan watanni ya sake karɓar kuɗi. Na ga littafin wata ƙungiya inda kuɗin ɗurin gas ya zama kamar haraji, har akawu ya ware masa shafinsa.

Yoyon nan daga ranar haɗawa ya ke somawa. Bututu ya zo daga Kano a bayan mota bakinsa a buɗe, ƙura ta shiga. A yi waldarsa ba tare da an busa iskar naitirojin ta ciki ba, sai wani baƙin ɓawo ya fito a cikinsa, daga baya ya ɓare ya toshe ƙaramar ƙofar da gas ke bi. Gwanin aiki, in ya gama walda, cika bututun ya ke yi da naitirojin ya bar agogon awo a jiki kwana guda, a ga ko allura ta sauka. Bayan haka ya sa injin zuƙe iska ya tsotse laima sarai kafin ya ɗura gas. Laimar da aka bari ciki takan daskare ta toshe hanya, ko ta haɗu da man inji ta zama guba mai cin wayar kwamfresa. Babban bututun da ke komowa wajen inji kuma sai an ɗan gangarar da shi wajen injin, don man da ya bi gas ya samu komowa gida. Kwamfresar da manta ya maƙale a hanya ƙonewa ta ke yi, ita ce kuwa ta fi kome tsada. A naɗe wannan bututu da baƙin soso ba tare da gibi ba, a rufe na waje daga rana, gama ranar Afrilu, da ke wuce awo 40 a nan, ba ta barin soso ya yi ƙarko. Injin waje a yi masa inuwa mai iska, a riƙa kakkaɓe masa ƙura da hunturu.

Masu sayen tsofaffin injuna na gwanjo su lura da abu guda. Da yawansu gas ɗin da a ke kira R-22 su ke sha. Bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Nijeriya ta sa hannu a kai, ana janye wannan gas sannu-sannu, kuma 2030 aka tsayar wa ƙasashe irin tamu. Araha ba ta ado. A duba farantin da ke jikin inji a karanta sunan gas ɗin kafin a biya.

Wani zai ce, Malam, mu manoma ne, ina mu ka san walda? Gaskiya ne, ba kuwa cewa na yi ku koya ba. Amma kuɗin naku ne, kuma abin da na faɗa duk ido na iya gani. A rubuta cikin takardar kwangila cewa za a yi gwajin kwana guda a gaban shugabannin ƙungiya, su karanta agogo da yamma su sake karantawa gobe. A hau tsani a zuba buta biyu a faranti, wani ya tsaya waje ya ga sun fito duka. A watsa bokiti a daɓe a ga ko ya nufi magudana ko ya kwanta a lungu. A riƙe wani kaso na kuɗin aiki sai ɗakin ya ga damina guda, don ɗakin da aka karɓa a Janairu bai nuna halinsa ba tukuna. Ɗan kwangilar kirki ba zai ƙi wannan ba. Wanda ya ƙi, ya ba ku amsa. A kuma nemi ya bar zanen hanyar bututun a hannun magatakarda. Shi kuwa mai kula da ɗaki a gaya masa tumatir ba kifi ba ne: nunanne wajen awo 10 ya ke so, ɗanye 12 zuwa 13, in an wuce haka ƙasa sanyin kansa ɓata shi ya ke yi.

Saura maganar mai gyara. Bututun ruwa in ya toshe a Gwiwa ranar Juma'a, aka ce sai an jira makaniki daga Kano, kayan mutane sun tafi. Ga kwalejin fasaha ta Husaini Adamu a Kazaure, wadda ta koma hannun gwamnatin tarayya a 2007, ga kuma jami'ar fasaha da aka kafa wa Babura a 2021. Roƙona ga shugabanninsu da na ƙananan hukumomin nan huɗu shi ne a shirya ɗan gajeren kwas na aikin bututun firiji da magudana, a ɗebo samarin da ke gyaran firiji a bakin kasuwa, waɗanda sun riga sun iya riƙe wutar walda, a ƙara musu gwajin awo da zuƙe iska. Kowace ƙungiya da ke shirin gina ɗaki ta zaɓi yaro guda tun yanzu, ya tsaya tare da masu haɗawa daga ranar da aka sauke kaya har ranar da aka kunna inji.