Abotar Bakin Inji

A watan jiya an yi wata 'yar taƙaddama a gidanmu, kuma ita ce ta sa na canja abin da na yi niyyar rubutawa a wannan fili. Wani kawuna, dattijo da ya haura shekara 70, ya tashi da safe ya ce zai tafi Gboko ta jihar Binuwai gaisuwar mutuwa. 'Ya'yansa suka yi caa: hanya ba lafiya, ƙafarsa na ciwo, kuɗin mota ya yi tsada, sannan mamacin ba ɗan'uwa ba ne, ba ma addini ɗaya suke ba. Kawu ya saurare su har suka gama, sannan ya ce da babban ɗansa, "Kai, lokacin da kake rarrafe a bayan wannan mutumin ka yi barci." Washegari ya hau mota.

Mamacin Batibe ne, kawu kuwa Bafulatani. Sun haɗu a wata masaƙa da ke Bompai tun zamanin da ake jin jiniyar canjin aiki daga Dakata har Tudun Wada, ma'aikata na kwararowa a kan kekuna kamar an buɗe dam. Injinsu na kusa da juna. Da yake Fulani da Tibi abokan wasa ne tun fil azal, zolaya ce ta fara haɗa su kafin a kai ga cin abinci a kwano ɗaya, da shiga adashi ɗaya, da karɓar wa juna aikin dare idan matar ɗaya ta haihu. A rikicin Kano na watan Oktoban 1991, iyalin Batiben a ɗakin matar kawu suka kwana har ƙura ta lafa. Ban taɓa jin kawu ya ba da wannan labari don neman yabo ba. Daga bakin matarsa na ji shi.

Da ya tafi sai na zauna ina lalube a cikin abin da na karanta da abin da na kalla: ina aka taɓa ba da labarin irin wannan abota da Hausa?

Ba wai adabinmu ya rasa abokai ba ne. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, Alhaji Imam da Malam Zurƙe sun shafe yawancin littafin suna ɗana wa juna tarko, wannan ya ja wa wancan duka, wancan ya rama, kafin daga bisani su gaji su shirya. Tun ina firamare na fi son Zurƙe, domin in babu shi tafiyar ba ta da gishiri. A Magana Jari Ce kuma, dalilin da ya sa aku ya yi ta zuba labarai dare bayan dare shi ne don ya hana Musa ficewa daga fada ya bi Mahmudu, wanda suka tashi tare, zuwa fagen yaƙi. Wato ƙaunar abokin tasowa ce ta riƙe ginin littafin farko gaba ɗaya. To amma waɗannan abokan fada ne da na yawon duniya. Ba su san albashi ba, ba su san takardar sallama ba.

Da littattafan soyayya suka mamaye kasuwar Kano daga ƙarshen shekarun 1980, sai aboki ya koma ɗan rakiyar zance. Aikinsa ya kai wasiƙa, ya lallashi budurwa, ya ba da shawara, in an ɗaura aure ya zama abokin ango. Ƙawa kuwa sau da yawa ita ce macijiyar da ake renonta a cikin gida, wadda za ta ƙwace miji a babi na bakwai. Finafinan Kannywood suka gaji wannan tsari kusan ba tare da gyara ba. Ba na raina wannan adabi. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu sun faɗi gaskiya mai ɗaci game da zaman aure a lokacin da ba a so a ji. Abin da ke ba ni mamaki shi ne lokacin da abin ya faru. A daidai shekarun da ake sayar da waɗannan littattafai da kasakasai, masana'antun Sharada da Challawa da Bompai suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka gagara, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda, waɗanda sunansu kaɗai ya isa a ba saurayi mata, suka yi shiru. Dubban magidanta suka koma acaɓa da gadi da zaman majalisa. Duk wannan ya faru a garin da ya fi ko'ina yin fim da Hausa, amma kyamara ta fi son falon Alhaji mai kujerun alfarma.

Kuma kada a ce wai daga Indiya muka koyi hakan. Ma'aikatan nan su ne suka riƙa cika silimun Plaza da Orion da El Dorado a daren albashi, kuma abin da suka kalla ya fi rawa a cikin furanni. Wa zai manta da Sholay na 1975, da kwandalar da Jai yake jefawa duk lokacin da shi da Veeru za su yanke shawara? Sai bayan Jai ya tsaya shi kaɗai ya tare 'yan fashi har ya rasa ransa, sannan Veeru ya gane fuskokin kwandalar iri ɗaya ne, abokinsa ya zaɓar wa kansa mutuwa da gangan. Amma fim ɗin da ya fi dacewa da Bompai shi ne Namak Haraam na 1973. Amitabh Bachchan ɗan mai masana'anta ne, Rajesh Khanna amininsa ne talaka. Ɗan mai kuɗin ya tura abokin ya shiga cikin leburori don ya karya ƙungiyarsu daga ciki. Da ya zauna da su, ya ga abin da suke ci da inda suke kwana, sai zuciyarsa ta koma wajensu, abota ta shiga tsaka mai wuya. Mun ɗauko waƙa da rawa daga Bombay, muka bar wannan tambaya a can: me ke faruwa da aminai biyu idan abincin ɗaya ya dogara da yunwar ɗayan? A nan Afirka ta Yamma ma, Sembène Ousmane na Senegal ya rubuta littafi sukutum a 1960 a kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar zuwa Neja.

Kawu ya san amsar wannan tambaya a aikace. Shi aka fara sallama, abokin nasa ya ƙara kusan shekara biyu yana aiki. Ya ce abin da ya fi yi masa nauyi a lokacin ba rashin kuɗi ba ne, kunyar haɗuwa da mutumin ce. Ya daina zuwa teburin mai shayin da suka saba zama. Sai Batiben ya ɓullo da dabara: duk ranar Lahadi ya ɗauko allon lido ya zo har ƙofar gida, a buga, a yi musu, a zargi juna da maguɗi. In zai tafi sai ya bar wani abu a ƙarƙashin tabarma, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Ni a ganina babban amfanin wasa ke nan a wurin manya. Ko dara ce da ramukanta 30, ko karta, ko lido, wasa yana ba mutum biyu dalilin zama tare ba tare da an tambayi kowa halin da yake ciki ba, kuma a kan allo mai aiki da marar aiki ɗaya suke. Ko ƙwallon Kano ma tana da wannan asali, domin Raccah Rovers da ta ci gasar ƙasa a 1978 sunan kamfani take ɗauke da shi.

Samarin da ke aiki yau a kamfanonin roba na Sharada da na jimar fata a Challawa, da yawansu 'yan aikin wucin gadi ne, yau an ɗauke ka gobe an ce ka huta. Suna haɗuwa a gidan kallon ƙwallo, su raba kansu tsakanin Madrid da Barcelona, ko su yi layin buga PlayStation. Ba na cikin masu cewa abotarsu ta bogi ce, na ga yadda suke haɗa kuɗi idan inji ya ci yatsun ɗayansu. Sai dai adashin shekara 15 yana bukatar aikin da zai kai shekara 15. Kuma yana yi mini ciwo cewa kalmar nan tamu mai daraja, aboki, ta zama abin da ake jifan ɗan Arewa da shi a titunan Legas cikin raini, alhali a Bompai an yi zamanin da Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Batibe ke kiran juna da ita da zuciya ɗaya.

Ga masu shirya finafinanmu, musamman yanzu da ake yin masu dogon zango, ga wurin ɗauka nan a banza: dogayen gine-gine da ciyawa ta cinye, da ƙofofin ƙarfe masu tsatsa. Dattawan da suka yi aiki a ciki suna nan da ransu a Kawaji da Dakata da Ja'en, amma kowace shekara sai an rage.

Kawu ya dawo bayan kwana huɗu da doya a buhu da ƙafa a kumbure. Matar mamacin ta ba shi allon lidon, ya tsufa har launukan sun kusa shafewa, 'ya'yan wasan ma saura 11. Da jikokinsa suka nemi ya ba su su buga, ya ce su je a sayo musu nasu.