Gedambaliya da Shaidar Ido

Masu wa'azin ci gaba suna son jingina da John Locke da David Hume, amma ba sa son cika sharaɗin da malaman nan suka gindaya, wato ilimi daga gani da gwaji yake fitowa. To, a je Gedambaliya a gani.

A nan ne, kusa da birnin Gadarif na Sudan, Turawan Ingila suka fara noman dawa da tarakta a tsakiyar shekarun 1940. A 1968 aka kafa hukumar noman inji, a 1970 kuma doka ta mayar da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati. Hujjar tsohuwa ce, ta Locke ce da kansa: ƙasar da ba a noma ba tamkar asara ce. Makiyayin da ya gaji burtalinsa kaka da kakanni ba shi da takarda, saboda haka aka ɗauka ba shi da haƙƙi.

Gadarif ta bunƙasa, kasuwar dawa da riɗinta ta yi suna, ba mai musun wannan. Amma an share daji, ƙasa ta gaji, burtali ya ƙuntata. Tarakta kuwa huɗa da shuka take yi. Cire ciyawa da yankan riɗi aikin hannu ne, cikin masu yin sa har da jikokin Hausawan da hanyar Makka ta ajiye. Masu lissafin ci gaba sun ƙirga buhunan da suka shiga birni, ba su ƙirga waɗannan ba.