A raba injin masana'anta da Wi-Fi ɗin da ake kallon TikTok

Watan jiya wani maƙwabcinmu a nan Tudun Wada ya ja ni zuwa kamfanin fiya wata da yake aiki. Kwana biyu injinsu a tsaye, allon da ake latsawa yana cewa ba ya ganin PLC, wato ƙaramar kwamfutar nan da ke cikin akwatin ƙarfe, mai ba famfo da injin liƙe leda umarni. Wanda ya kafa injin yana Legas, ya ce sai an tura kuɗin mota da na masauki kafin ya taso. Ni manhaja nake rubutawa, ban taɓa shiga ajin injiniya ba, amma na ce mu je mu gani.

Ba abin da ya ƙone. An bar PLC ɗin a kan DHCP, ma'ana rauta ce ke ba shi adireshin IP duk lokacin da aka kunna. Allon kuwa an rubuta masa ya nemi injin a 192.168.1.100. Da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, wayar wani ma'aikaci ta riga injin haɗuwa, rauta ta miƙa mata lambar, injin ya samu wata. Allo na ta ƙwanƙwasa ƙofar Tecno yana tambayar ruwa. Na ba PLC adireshi na dindindin, 192.168.1.10, a wajen jerin da rauta ke rabawa, na sa 255.255.255.0 a gurbin mask, na gyara lambar a allo. Bai kai minti ashirin ba.

Abin da ya dame ni shi ne yadda wayar ta shiga tun farko. Wi-Fi ɗaya ne da injin, da mai gida, da direbobi, da yaran da ke ɗaure ledoji, kalmar sirrin kuma lambar wayar manaja ce, wadda ke rubuce a jikin motar kamfani. A ganina wannan ganganci ne, kuma kaso mafi girma na laifin yana kan masu kafa injina da ke karɓar kuɗinsu su tafi ba su bar ko takarda ɗaya ba.

Yawancin waɗannan na'urori da Modbus suke magana. Kamfanin Modicon ne ya fito da shi a 1979, lokacin da injin ke cikin ɗaki a kulle, ba wanda zai isa gare shi sai da ƙafarsa. Shi ya sa ba a sa masa tambayar kalmar sirri ba. Yau an ɗora shi a kan netwok ta tasha mai lamba 502, halinsa kuma bai canja ba: duk wanda ya aiko umarni, injin zai bi. Akwai manhajojin Modbus kyauta a Play Store. Yaron da ke kan Wi-Fi ɗin nan, in ya sauke ɗaya don wasa, zai iya canja lamba a cikin injin bai ma san me ya taɓa ba.

Na san wani zai ce, wa ke da lokacin kutse a kamfanin fiya wata a Zariya? Mai kamfanin ma haka ya ce min yana dariya. To masu kutse ba sa duba taswira. Shafuka irin su Shodan aikinsu ke nan, bin intanet dare da rana suna lissafa duk na'urar da ƙofarta ke buɗe. A Nuwamban 2023 an shiga PLC ƙirar Unitronics na hukumar ruwan Aliquippa, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania ta Amurka, har ma'aikata suka koma sarrafa tashar da hannu. Kalmar sirrin da na'urorin ke zuwa da ita daga kamfani a lokacin ita ce 1111, kuma wurare da yawa ba su canja ba. Mu nan da mai gida ke son ya ga injinsa a waya yana Samaru ko yana Umara, a buɗe masa ƙofa a rauta a manta, ina bambancin?

Hujja ɗaya na yarda da ita: injin ba waya ba ne. Waya in ka lalata saitinta ka yi filashin, inji kuwa yana iya cire wa mutum yatsa. Don haka ban taɓa shirin da ke cikin PLC ɗin ba, kuma kafin in canja komai sai da na ɗauki hoton tsohon saitin, injin kuma a tsaye. Amma wannan ba dalili ba ne na barin masana'anta ta kwana biyu tana jiran mutum ɗaya. Matasan da ke gyaran waya a PZ da Sabon Gari sun riga sun san rabin aikin nan, sauran rabin kuwa yana cikin littafin na'urar, wanda ake samu kyauta a shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Kafin in tafi na sa suka sayo ƙaramin suwic, muka haɗa allo da PLC da waya ta ƙasa su kaɗai, MiFi ta koma ta mutane zalla. Na rubuta adireshin kowace na'ura a kwali na manna a cikin murfin akwatin, kalmar sirri kuma na ba mai gida a hannu. Ya tambaye ni ko har yanzu zai iya ganin injin daga gida. Na ce sai an kafa VPN, kuma da kuɗi. Ya ce in bari sai bayan Sallah.