Hanji Da Hanta: Kada Masu Maganin Wankin Ciki Su Riga Mu

Galibin abin da hanji ya tsotsa daga abincinmu, hanta ce zangonsa na farko. Wata babbar jijiya ce ke kwaso jinin hanji ta juye shi a hanta, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta ke samu ta nan yake biyowa. A cikin hanjin kuwa akwai ƙwayoyin bakteriya da ba su ƙirguwa, galibinsu masu amfani, kuma abin da suke fitarwa shi ma jinin nan ne ke kwasa. Shi ya sa masana suka ƙwallafa rai a kan tambaya guda: ko waɗannan ƙwayoyi suna da hannu a ciwon dajin hanta, wanda ya kashe mutum kusan 830,000 a duniya a 2020?

Alamu sun nuna suna iya sa hannu. A 2012 ayarin Robert Schwabe na Jami'ar Columbia a Amurka ya nuna cewa wani sinadari da ke jikin wasu bakteriya, idan ya ratsa hanji ya tarar da hantar da dama ta jikkata, yakan rura kumburi, ƙarin da ke ciki ya ƙara girma. A 2013 Eiji Hara da abokan aikinsa a Japan suka ɗura wa ɓeraye abinci mai maiƙo, bayan an ba su sinadarin da ke tayar da daji. Ƙiba ta sauya bakteriyar hanjinsu, masu mayar da ruwan matsarmama wani abu mai lahani suka yawaita, dajin hanta ya biyo baya.

Binciken da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Jami'ar Toledo a 2018. Ɓeraye ne da bakteriyar hanjinsu ta riga ta rikice, aka ba su inulin, wani tataccen abu irin wanda ake sayarwa da sunan gyaran ciki. Maimakon gyara, da yawansu daji suka samu a hanta. Garin neman gira aka rasa ido.

A lura, duk ɓeraye ne. A mutane an ga cewa masu tsohon ciwon hanta bakteriyar hanjinsu ta bambanta da ta masu lafiya, amma har yanzu masana na jayayya a kan wanda ya fara ɓata wani, hanji ko hanta.

Abin da nake gudu shi ne ranar da labarin zai isa tasha. Mai lasifika da jarkokinsa zai ce ai Turawa ma sun yarda dattin ciki ne ke kawo daji, a zo a wanke. Wani kuma ya nufi kemis ya sayi kafso ya haɗiya ba takardar likita, alhali irin wannan shan maganin barkatai shi ne ke kashe bakteriyar kirki. Jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba kuwa, hantar ce dai za ta tace su.

Mu a nan, masu kashe mana hanta sanannu ne. Na gaba shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda yaro kan ɗauka tun wajen haihuwa ko yana ƙarami, ta yi shekaru ba ciwo ba shawara, sai ciki ya kumbura a ce sammu ne. Sai gubar aflatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da aka zuba a rumbu ba su gama bushewa ba. Idan biyun suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin ninkuwa yake yi. Giya da kitsen hanta na biye.

Tun 2004 allurar rigakafin nau'in B ta shiga jerin rigakafin yara a Najeriya, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Yaran da aka haifa a gida su ne suka fi rasa ta. Maigida, in an sauka lafiya, kada a jira ranar suna, a kai jariri asibiti a ranar. Kai ma ka je a gwada jininka, ka tafi da uwargida.