Rumbunan bayanai: garin da bai gindaya sharaɗi ba shi ake jibge wa kaya

Duk bidiyon da ka ɗora a TikTok, duk hoton da kika sa a Facebook, a wani ƙaton gini cike da kwamfutoci yake kwana. Rumbun bayanai ke nan. Dare da rana yana cin kuran, da yawansu kuma suna shan ruwa don sanyaya injina. Tambayata ɗaya ce: wa ke da ta cewa kan inda za a gina shi?

Akwai masu cewa duk garin da ya sa wa irin wannan gini sharaɗi maƙiyin ci gaba ne, yana korar masu zuba jari. Ni ban yarda ba, wallahi. Ku dubi waɗanda suka fara taka birki. A 2019 birnin Amstadam ya dakatar da ba da izinin gina sabbi. A shekarar ce Singafo ma ta dakatar, sai 2022 ta sake buɗe ƙofa da tsauraran sharuɗɗa. A ƙasar Ayalan, rumbunan sun cinye kashi 21 cikin ɗari na wutar ƙasar a 2023, fiye da gidajen birane gaba ɗaya, har samun izinin jona sabon rumbu da layin wuta a yankin Dablin ya zama jan aiki. Su ma ba su son ci gaba ne, hala?

To, ga inda gizo ke saƙa. Da Singafo ta rufe ƙofa, kamfanoni ba su fasa ba, tsallaka gada suka yi zuwa Johor ta Malesiya, inda fili da wuta ke da araha. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda doka ta yi sako-sako, can kaya ke sauka.

Amma talaka ma in ya tashi, ana jin sa. A Urugwai, lokacin farin 2023 da ruwan pampo ya koma gishiri-gishiri a babban birni, jama'a suka yi ca a kan shirin Google na rumbun da aka ƙiyasta zai sha lita miliyan 7.6 a kowace rana. Kamfanin ya koma tsarin sanyayawa da iska.

Ƴan uwa, mu da muke kwana a tsakar gida watan Afrilu saboda an ɗauke wuta, mu da muke bin ƴan garuwa, zancen nan ya shafe mu. Ina son bayanan Nijar su zauna a Nijar, ƙwarai kuwa. Sai dai ranar da wani ya zo neman fili, a tambaye shi a gaban jama'a, kafin magajin gari ko minista ya sa hannu: kuran nawa za ka ci, daga ina? Ruwan wace unguwa? Matasa nawa za su ci gaba da aiki bayan magina sun tashi? A rubuta amsa cikin yarjejeniya, a liƙa ta inda kowa zai karanta. Tun ran gini ran zane.